Ranar da Kano ta kayar da ɗanta: zaɓen 12 ga Yuni, 1993

1/ Duk shekara idan 12 ga Yuni ta zagayo, sai ka ji wasu samarinmu suna cewa "wannan ai bikin Yarbawa ne, ina ruwanmu." To ku matso in ba ku labarin yadda Kano ta yi zaɓe a ranar. Ɗaya daga cikin 'yan takarar biyu Bakano ne, amma ba shi Kano ta zaɓa ba. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Mu fara daga tushe. A 1989 Janar Ibrahim Babangida ya ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasar da jama'a suka kafa rajista, sai gwamnatinsa ta ƙirƙiri jam'iyyu biyu da kanta. SDP mai alamar doki, wadda aka ce ta ɗan karkata hagu. NRC mai alamar mikiya, ta ɗan karkata dama. Ko ka shiga ɗaya, ko ka zauna a gida.

3/ A Kano wannan rabon bai zo wa kowa a baƙo ba. Mutanen gidan Malam Aminu Kano, wato jikokin NEPU da 'ya'yan PRP, galibinsu suka nufi SDP. Tsofaffin 'yan NPN da masu ra'ayin sarauta da manyan attajirai da yawa suka nufi NRC. Suna ne kawai ya canza, tsohon layin yana nan.

4/ Ku tuna fa, a Kano aka kafa NEPU a 1950. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 Malam Aminu ya cinye Kano da rata mai yawa a PRP, Abubakar Rimi kuma ya zama gwamna. Malam ya rasu a watan Afrilu 1983. Shekara goma kacal tsakanin rasuwarsa da zaɓen da muke magana a kai.

5/ Sai dai gidan ba lafiya. Tun farkon shekarun 1980 PRP ta tsage gida biyu: 'yan Santsi na ɓangaren su Rimi, da 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam. Wannan tsohuwar gabar suka kwaso suka shigo da ita cikin SDP.

6/ Abin da ta haifar: a zaɓen gwamna na Disamba 1991, rikicin fidda gwani ya raba kan SDP a Kano, wasu suka yi fushi suka juya wa ɗan takararsu baya. Kabiru Gaya na NRC ya zama gwamna. Ku riƙe wannan: lokacin zaɓen 1993, gwamnan Kano ɗan jam'iyyar Tofa ne.

7/ Amma ƙarfin SDP a ƙasa bai tafi ko'ina ba. Jigawa, da aka cire daga Kano a watan Agusta 1991, SDP ce ta ci gwamnanta, Ali Sa'ad Birnin Kudu. A 1992 wani matashin injiniya daga Madobi, Rabi'u Musa Kwankwaso, ya je Majalisar Wakilai a SDP har ya zama mataimakin kakaki.

8/ Yanzu mu zo kan fidda gwani, don a nan labarin yake. An fara yi a 1992. A SDP Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ne a gaba. A NRC Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi ne ke fafatawa. Duk manyan Arewa ne, kowa da jama'arsa.

9/ Kafin shekarar ta ƙare Babangida ya soke zaɓen fidda gwanin gaba ɗaya, ya ce an tafka maguɗi da sayen ƙuri'a, ya haramta wa masu neman takarar su 23 sake tsayawa. Da alƙalami ɗaya aka share manyan giwayen daga fili. Ba don haka ba, da wuya a ce sunan Abiola ko na Tofa ne zai hau takardar zaɓe.

10/ Sai hukumar zaɓe ta NEC, ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu, ta fito da tsarin da ake kira Option A4. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne bin layi a bayan hoton ɗan takara. A'a. Asalinsa tsarin fidda gwani ne mai hawa huɗu: mazaɓa, ƙaramar hukuma, jiha, sannan babban taron ƙasa.

11/ Ma'ana, duk mai son shugabancin ƙasa sai ya fara cin mazaɓarsa, ya ci ƙaramar hukumarsa, ya ci jiharsa. Kowace jiha ta fitar da mutum ɗaya a kowace jam'iyya, su ne za su haɗu a taron ƙasa. Ta wannan tsanin Alhaji Bashir Othman Tofa ya hau a NRC ta Kano.

12/ Wane ne Tofa? Haifaffen Kano ne a 1947, ɗan kasuwa, ɗan boko, ya taɓa zama sakataren kuɗi na NPN na ƙasa. Daga baya ma ya rubuta littattafai da Hausa. A watan Maris 1993 ya ci taron NRC a Fatakwal, ya ɗauki Dakta Sylvester Ugoh daga Imo a matsayin mataimaki.

13/ Ga inda gizo ke saƙa: cin wakilan jam'iyya daban, cin talakan Kurna da Fagge da Rimin Kebe daban. Tofa ya ci NRC ta Kano, amma bai gaji rundunar da Ciroma ko Shinkafi suka shekara suna ginawa ba, kuma bai taɓa riƙe wata kujerar da ta sa talaka ya san shi kamar yadda ya san Rimi ba.

14/ SDP kuwa a Jos ta yi nata taron, shi ma a watan Maris. Zagayen farko: MKO Abiola 3,617, Babagana Kingibe na biye da shi da tazarar 'yan ɗaruruwa, Atiku Abubakar na uku da 2,066. Atiku ɗan gidan 'Yar'aduwa ne, shi aka tsayar bayan an haramta wa ubangidansa.

15/ Kafin zagaye na biyu aka yi ciniki. Gidan 'Yar'aduwa suka koma bayan Abiola, da fatan Atiku zai zama mataimaki. Abiola ya ci da ƙyar. Sai gwamnonin SDP suka matsa lamba, ya ɗauki Kingibe. Musulmi da Musulmi ke nan, ɗaya daga Ogun, ɗaya daga Borno.

16/ Wannan cinikin na Jos ya taɓa Kano kai tsaye. Abiola ya fito da rundunar 'Yar'aduwa, da ta Kingibe da gwamnoni, da mutanen Rimi, duk a inuwa ɗaya. Sule Lamido, tsohon ɗan PRP, shi ne sakataren SDP na ƙasa. Santsi da Taɓo da suka kasa haɗuwa a kan gwamna, yanzu doki ɗaya suke bi.

17/ Kuma Abiola ba baƙo ba ne a Arewa. Babban jigo ne a Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, an san shi da taimakon masallatai da makarantu. Kamfanin jaridarsa na Concord har jaridar Hausa yake bugawa mai suna Amana. Abin dariya: shi ma tsohon ɗan NPN ne kamar Tofa, sai a 1982 ya fice.

18/ Taken kamfen ɗinsa bankwana da talauci. A lokacin SAP ta gasa wa mutane aya a hannu, darajar naira ta zube, masana'antun Bompai da Sharaɗa suna rage ma'aikata. A garin da aka raini mutane da kalmar "talaka" a matsayin siyasa, wannan saƙon ba ya buƙatar tafinta.

19/ Ranar Asabar, 12 ga Yuni, aka fita. Ga alƙaluman Kano da aka fi yaɗawa:

Abiola, SDP: 169,619
Tofa, NRC: 154,809

Tazara 14,810. Kashi 52 da ɗoriya da kashi 47 da ɗoriya. Ɗan Abekuta ya kayar da ɗan Kano a Kano, kuma gwamnan jihar ɗan NRC ne.

20/ Kada wani ya ce ai duk Arewa haka ta yi. Tofa ya ci Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja da Bauci. Abiola ya ci Kano da Jigawa da Kaduna da Borno da Yobe da Filato. Dubi taswirar da kyau, tsohon layin NPC da NPN ne a gefe guda, masu adawa da su a ɗaya gefen.

21/ Amma mu faɗi gaskiya, kada mu ƙara wa miya gishiri. Duka-duka ƙuri'u 324,428 aka kaɗa a Kano, jihar da ke da masu rajista sama da miliyan biyu. Kaduna ta kaɗa fiye da ninki biyu na haka. Mafi yawan Kanawa ba Abiola suka zaɓa ba, ba Tofa ba. Zamansu suka yi.

22/ Me ya sa? An ɗage ranar miƙa mulki daga 1990 zuwa 1992, zuwa Janairu 1993, zuwa Agusta 1993. Mutane sun gaji da gafara sa. Ga shi saura kwana biyu zaɓe wata kotu a Abuja ta ce a dakatar, bayan ƙarar ƙungiyar ABN ta Arthur Nzeribe. NEC ta ce za a yi, amma ruɗani ya riga ya shiga.

23/ Wannan zaman gidan ma amsa ce. Ɗan garinku yana takarar shugaban ƙasa, gwamnanku ɗan jam'iyyarsa ne, amma bai iya tayar da mutum 200,000 ba. Da "namu ne" kaɗai ke sa Kanawa fita, da ranar ba masaka tsinke a rumfunan zaɓe.

24/ A ƙasa baki ɗaya Abiola ya samu sama da miliyan 8, Tofa wajen miliyan 6. Kotu ta dakatar da sanar da sakamako ana tsaka da yi. Ranar 23 ga Yuni gwamnatin Babangida ta soke zaɓen. Ba ƙuri'ar Legas kaɗai aka jefa kwandon shara ba, har da ta Kanawa 324,428, na doki da na mikiya duka.

25/ Sauran kun sani. Babangida ya sauka a Agusta, Shonekan ya riƙe, Abacha, wanda shi ma a Kano ya tashi, ya karɓe ranar 17 ga Nuwamba. Kingibe ya zama ministansa na harkokin waje, Rimi na sadarwa. Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli, 1998. Tofa ya rasu a Janairu 2022, Allah Ya jiƙansu.

26/ Kuma Kano ta maimaita. A 2011 Malam Ibrahim Shekarau yana gwamna mai ci ya tsaya takarar shugaban ƙasa a ANPP, Buhari ɗan Daura ya ninka shi fiye da sau biyu a Kano. A 1979 da 2023 kuwa ta bi 'ya'yanta, Malam Aminu da Kwankwaso. Kano tana zaɓen ɗanta idan ta ga yana kan layinta, in ba haka ba ta bar shi.

27/ Saboda haka idan aka ce maka 12 ga Yuni, da Buhari ya mayar Ranar Dimokuraɗiyya a 2018, ba taka ba ce, ka tuna masa da 169,619. Idan kuma a gidanku akwai wanda ya fita a ranar, Baba ko Hajiya ko Kawu, ka tambaye shi doki ya dangwala wa ko mikiya, kuma don me. Ku ajiye mana amsar a ƙasa, mu karanta tare.