Petra

Petra tsohon birni ne a kudancin ƙasar Jodan, wanda aka sassaƙa da yawa daga cikin gine-ginensa a jikin jajayen duwatsu. Shi ne babban birnin Nabatawa, Larabawan da suka yi arziki da fataucin turare da kayan yaji, kafin Rumawa su haɗe daular Nabatawan da tasu a shekarar 106 Miladiyya. Girgizar ƙasa ta rusa wani sashensa a 363.

Masu ziyara kan shiga ta Siƙ, wani matsattsen lungu tsakanin duwatsu mai tsawon kimanin kilomita 1.2, wanda ke ɓullewa gaban Al-Khazna, ginin da ya fi shahara a wurin. Hukumar UNESCO ta sanya Petra cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1985.