Likita Mila da Almajiransa na Zazzau

Mu mutanen Randagi, idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin Birnin Gwari, sai mu ɗauki marar lafiya mu bi hanyar Buruku mu nufi Kaduna, sau da yawa kuma Asibitin Barau Dikko ne masauƙinmu. Amma idan muka tambayi ɗalibanmu ko wane ne Barau Dikko, sai su yi shiru. Idan muka ƙara da cewa wani Bature Kirista ne ya rene shi a Zazzau, sai su zaro ido. To, labarin wannan Bature muke so mu waiwaya, wato Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a shekarar 1872, ya yi karatun likita a London. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawa fatake da mahajjata, ya koyi harshen daga bakin masu shi. A 1900 ya shigo cikin ayarin ƙungiyar mishan ta C.M.S., ƙarƙashin Bishop Tugwell, suka doshi Kano. Sarkin Kano Alu bai yi wata-wata ba, ya ce su fice masa daga gari. Suka komo Girku, kudu da Zariya, inda ciwo ya kashe ɗaya daga cikinsu, ayarin kuma ya watse. Wani da ya ga haka ya haƙura. Mila sai da ya sake dawowa, a 1905 kuma ya samu izinin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Gaskiyar magana, abin da ya kawo shi bai samu ba. Ya zo ne domin ya juyar da Hausawa Musulmi zuwa addininsa, Zazzagawa kuwa suka karɓi maganinsa, suka yi masa na gode, suka riƙe sallarsu. Shekaru suka yi ta shuɗewa, mabiyansa ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu mutane suka neme shi da kansu. Su ne Isawa, almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda yadda ya ɗaukaka Annabi Isa a wa'azinsa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, bai daɗe ba cutar barci ta shiga ta yi musu ɓarna, aka tashi garin. A 1929 mishan ɗin kansa ya bar cikin birni ya koma Wusasa, bayan ganuwa.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba. Yaran da suka bi ta hannun Mila da makarantar da ya dasa ba su da yawa, amma mu ƙirga abin da suka zama. Barau Dikko, haifaffen 1912, ya yi Kwalejin King's a Ikko, ya wuce Jami'ar Birmingham, ya dawo a matsayin likita na farko ɗan Arewa. Ishaya Audu, wanda mahaifinsa daga cikin Isawan nan ya fito, ya zama likitan yara, kuma shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A waɗannan shekaru dai Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ya yi firamare a can, shi ke riƙe da Nijeriya. Mu kuma marubuta muna da namu kason: John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan gidan ne. Duk wanda ya karanta littafin nan ya san Hausar cikinsa ba ta aro ba ce.

Sai kuma fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda aka buga cikakkiya a 1932 bayan Mila ya shafe kusan shekara talatin yana fama da ita tare da mataimakansa Hausawa da wasu 'yan mishan. Abin mamaki, waɗanda aka yi dominsu ba su ne suka rungume ta ba. Gbagyi maƙwabtanmu, da mutanen kudancin Zariya da na Filato, su suka ɗauke ta suka shiga coci da ita. Da haka Hausa ta zama harshen addu'a da waƙa a garuruwan da a da ba su yarda da Bahaushe ba. Masana harshe ba su cika ba wannan al'amari haƙƙinsa ba in suna lissafa dalilan bazuwar Hausa.

Ba za mu wanke shi tas ba. Mila mutum ne mai kaifin harshe da taurin kai, yana kallon sarauta a matsayin zalunci tsantsa, yana kuma faɗin maganganu kan Musulunci da babu Musulmin da zai ji daɗinsu. Ƙorafe-ƙorafen da ya riƙa kai wa Turawan mulki suna cikin abin da ya jawo aka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1924. Sarkin nan kuwa fasihin mawaƙi ne da har gobe muke koyar da waƙoƙinsa a aji. Su ma Turawan mulkin ba su sha da daɗi a hannunsa ba, don a 1947 ya buga littafi sukutum yana tuhumar irin riƙon da suka yi wa Nijeriya.

Ya rasu a Bukuru a 1952, bayan fiye da shekara hamsin da fara zuwansa. A lokacin, Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ɗansa na reno Barau Dikko yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1948 kuma ya fara shugabanta, ta riga ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta N.P.C. Shekara biyu bayan rasuwarsa ragamarta ta koma hannun Sardaunan Sakkwato, jikan Shehu, wato gidan sarautar da Mila ya ƙare rayuwarsa yana suka.