Papayin: yadda sinadarin gwanda ke zaɓar inda zai tsinke furotin

Papayin, wanda ake kira papaïne da Faransanci, sinadari ne da ke cikin farin ruwan da ke fita idan aka karce ɗanyar gwanda. Yana cikin rukunin inzayim masu narkar da furotin, kuma shi ke sa nama laushi idan aka naɗe shi da ganyen gwanda. Masana biyu na Faransa, Wurtz da Bouchut, su suka raɗa masa suna a 1879.

Yadda yake zaɓe

Furotin kamar carbi yake: dogon zare ne da aka jera wa 'ya'ya iri 20 masu suna amino asid. Papayin na tsinke wannan zare, amma ba ko'ina ba. A jikinsa akwai wata tsaga inda zaren ke kwanciya. A 1967, Schechter da Berger na Cibiyar Weizmann a Isra'ila sun nuna cewa tsagar na da gurabe bakwai, kowanne na riƙe ɗan carbi guda. Gurbi na biyu kafin wurin yanka shi ya fi tsantseni: yana son amino asid babba mai gudun ruwa, irin su fenilalanin. Inda aka sami irinsa, zaren na zama daram, a tsinke shi da sauri. Inda babu, aikin na tafiyar hawainiya.

Yadda yake yankawa

Papayin ma furotin ne, mai amino asid 212. Biyu daga ciki ke riƙe da wuƙar: sistin na 25 da histidin na 159. Sistin na ɗauke da farar wuta, wadda ke kai wa mahaɗin zaren hari da taimakon histidin. Gutsure ɗaya ya fice, ɗayan ya maƙale har sai ruwa ya ɓamɓare shi. Daga nan inzayim ya koma yadda yake, ya kama wani zaren.

Me ya hana shi cinye gwandar?

Itaciyar na ƙera shi ne da wani toshi da ke rufe tsagar, sannan ta adana shi cikin jijiyoyin farin ruwan. Sai an ji wa itaciyar rauni toshin ke fita. Makami ne na kare kai: bincike a Japan a 2004 ya nuna yana hana tsutsotsi masu cin ganye girma.

Amfaninsa a girki

Papayin na jure zafi, ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 70, don haka yana ci gaba da narkar da nama a farkon dahuwa. Idan aka zuba da yawa ko aka bar shi ya daɗe, naman na dagargajewa. Nunanniyar gwanda kuwa ba ta da shi sosai.

Danginsa

Abarba na da bromelin, ɓaure na da fisin. Tumfafiya ma na da irin wannan inzayim, shi ya sa matan Fulani a Benin, Togo da Ghana ke daskarar da madara da ita wajen yin wagashi. Inzayim ɗin na yanka furotin na madara ya dunƙule, tafasawa kuma ta tsayar da aikinsa. Sai dai a kula: ruwan tumfafiya na da dafi, kuma yana illa ga ido.