Sunayen da Suka Rage a Duwatsun Sikotlan

A arewacin Sikotlan akwai wata ƙasar duwatsu wadda mutum zai wuni yana tafiya cikinta bai ga gida ko ɗaya ba. Baƙo yakan ce daji ne tun asali. Amma taswirar wurin ta ƙaryata shi, gama kusan kowace ƙorama da kowane kwari suna da sunansu a harshen Gelik, kuma ba a raɗa wa wuri suna sai in ana zuwa can.

Kalmar da ta fi yawa ita ce allt, wato ƙorama. Idan ruwan jajaja ne, sai a ce Allt Ruadh. Idan ya bi ta inda mata da yara ke kai shanu kiwo a lokacin zafi, sai a ce Allt na h-Àirigh, ƙoramar mashekari. Akwai kuma caochan, daga kalmar da ke nufin makaho. Ita ce 'yar ƙoramar da ciyawa ta rufe, ana jin motsinta ba a ganinta. Wannan suna gargaɗi ne ga makiyayi, don a irin wurin nan dabba ke faɗawa. Babban kwari a gefen dutse sunansa coire, wato tukunya. Ƙaramin kuwa glac, kalmar da suke kiran tafin hannu da ita. Lalle masu wannan harshe sun dubi ƙasarsu da kyau.

To, ina mutanen? Masu ƙasa sun lissafa cewa tumaki sun fi talakawa riba. A kwarin Strathnaver an tashi jama'a a 1814, aka sāke a 1819, aka ƙone gidajensu. An gurfanar da Patrick Sellar, wakilin masu ƙasar, a gaban shari'a a 1816, aka sallame shi. Waɗansu suka koma bakin teku, waɗansu suka haye zuwa Kanada.

Sai a shekarun 1870 ma'aikatan safiyo na gwamnati suka zo auna wannan yanki. Da yawansu ba su jin Gelik. Sukan tambayi wanda suka tarar, ko limamin coci, ko malamin makaranta, ko makiyayi, su rubuta abin da aka faɗa musu. Sun yi aiki mai amfani, amma sun makara. Sunan da tsohuwa ta tafi da shi Kanada bai shiga takarda ba, waɗansu kuma sun shiga a karkace.

A 1872 aka yi dokar ilimi wadda ba ta ambaci Gelik ba sam, yara suka shiga karatu da Turanci kaɗai. Daga baya W. J. Watson, wanda ya tashi da harshen, ya bi dattawan Ross yana sauraron yadda suke furta sunayen, ya buga littafinsa a 1904. A ƙidayar 2011 masu iya magana da Gelik ba su kai 60,000 ba, ƙoramun kuwa suna nan a taswira da sunayensu.