Nana Benz: matan Lome da suka riƙe ragamar atamfa

Duk ranar 13 ga watan Mayu, ranar matan Nijar, za ku ga mata daga Yamai har Damagaram sun fito cikin anko iri ɗaya, kowace da ɗinkinta. Mata ke saye, mata ke sakawa, mata da yawa ke sayarwa. To amma wa ke zaɓen zanen da za a buga, wa ke yanke farashi? A tarihin Afirka ta Yamma an yi lokacin da amsar ita ce mata, kuma a birnin Lome na ƙasar Togo aka yi shi.

Atamfar da muke kira holandai asalinta kwaikwayon rinin kakin zuma ne na tsibirin Java, a ƙasar Indunusiya ta yau. Turawan Holan suka koyi buga shi da inji, amma mutanen Java ba su karɓe shi sosai ba, sai ya samu kasuwa a bakin tekun Afirka. Kamfanin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846. Manyan gidajen kasuwancin Turawa irin su UAC, John Holt, SCOA da CFAO su ke sauke kayan a tashoshin jiragen ruwa.

Sai dai Bature yana da inji da jirgi, amma bai san abin da mace za ta so ta ɗaura ranar biki ba. A nan matan kasuwar Lome suka shigo. Da fari wasunsu Accra suke zuwa saro. Da Ghana ta tsaurara dokar shigo da kaya a zamanin Nkrumah, sai cinikin ya karkato Lome, inda haraji ke da sauƙi. Matan nan suka ƙulla yarjejeniya da gidajen Turawa: mace ta zaɓi zane, ta ce a canja wannan launi, a ƙara wancan, sannan ta biya kuɗi a ba ta ikon sayar da shi ita kaɗai. Duk mai son wannan zane, ko daga Abijan ya fito, ko Legas, ko Kinshasa, dole ya bi ta rumfarta. Fataken ƙasashen tudu irin namu su ma nan suke saukowa.

Wata dabarar kuma ita ce suna. Zane ba ya tafiya sai an raɗa masa suna, kuma a bakin mata ƴan kasuwa sunayen ke fitowa: "idon kishiyata", "in ka fita ni ma in fita", "mijina ya isa". Kun ga kenan mace za ta faɗi abin da ke ranta ba tare da ta buɗe baki ba. Talla ce da babu wani ofishi a Turai da zai iya ƙirƙiro ta.

Daga shekarun 1960 zuwa 1980 dukiyarsu ta bunƙasa. Suka gina gidaje, suka tura ƴaƴansu karatu Turai, suka sayi motoci Marsandi. Daga nan sunan ya fito: "Nana" kalmar girmamawa ce ga uwa ko kaka a harshen mutanen kudancin Togo, "Benz" kuwa motar ce. Har gwamnatin Eyadema takan ari motocinsu idan manyan baƙi sun zo. Da yawansu ba su yi lakwal mai zurfi ba, amma lissafin miliyoyi a ka suke yinsa. Tarihi ya riƙe sunaye irin su Eunice Adabunu, Patience Sanvee, Laura Doe-Bruce, da Dédé Rose Creppy, wadda ta daɗe tana shugabantar ƙungiyarsu ta masu sayar da atamfa. Siyasa ma ba a bar su a baya ba: matan kasuwar Lome sun tallafa wa jam'iyyar Sylvanus Olympio da kuɗinsu har Togo ta samu ƴanci a 1960.

To me ya karya su? Abubuwa ne suka taru. Rikicin siyasar farkon shekarun 1990, da dogon yajin aikin da ya faro a ƙarshen 1992, sun kori masu saye daga Lome. Sai ga watan Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Manyanmu a nan Nijar ba su manta wannan rana ba. Kayan da ake sarowa daga Turai kuɗinsu ya ninka dare ɗaya, holandai ya fi ƙarfin talaka. Bayan haka masaƙun Sin suka shiga buga kwaikwayon zanukan nan a farashi mai rahusa. Zanen da Nana ta biya kuɗi don ya zama nata ita kaɗai, sai ta gan shi a rumfar maƙwabciya a kan kuɗi kaɗan. A Janairun 2013 kuma gobara ta cinye babban ginin kasuwar Lome, inda rumfunansu suke.

Ga inda darasin yake, a ganina. Matan nan sun mallaki ilimin kasuwa, sun mallaki amanar masu saye, amma masaƙar ba tasu ba ce, kuma zanen a takarda sunan kamfani yake ɗauke da shi. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da iska ta juya, ba su da wurin da za su tsaya su ce a'a. Ƴaƴansu da jikokinsu, waɗanda ake kira "Nanettes", sun gane haka: wasu sun yi karatun kasuwanci, suna zuwa Sin da kansu suna ba da odar zanen da suka tsara, da sunan nasu tambarin.

Yanzu mu dawo gida. A Maraɗi, Tawa da Damagaram, ƴan mata nawa ke koyon ɗinki kowace shekara? Cibiyoyin koyarwa cike suke. Amma in aka zo kwangilar ankon biki, ko ɗinkin kayan ƴan lakwal, ko shugabancin ƙungiyar teloli, sau nawa muke ganin mace a kan kujera? Keken ɗinki abin alheri ne, sai dai shi kaɗai ba ya sa a ji muryar mace. Tana buƙatar jari, da rajistar sana'arta da sunanta, da kariya ga zanen da ta ƙirƙiro, da wuri a teburin da ake yanke shawara.

A 1991 matan Nijar sun yi tattaki a Yamai don a ba su kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa, shi ne asalin ranar 13 ga Mayu. In ranar ta sake zagayowa, ƴar'uwa, ki duba bakin zanen da kika ɗaura, ki karanta sunan da aka buga a wurin. Allah ya kai mu ranar da za mu ga sunan ƴar Nijar a kai.