Muryoyin Bayan Labule

'Yan uwa marubuta, tun da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, harkar finafinan Hausa ta yi ta bunƙasa, har waƙa da rawa irin ta Indiya suka zama gishirinta. Sai dai an kwaso har da al'adar can: jaruma ce ke motsa baki a fim, mai muryar kuwa tana sutudiyo, ba wanda ya san fuskarta.

A da ba haka abin yake ba. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, a gaban mata take tsayawa ana kaɗa ƙwarya, ana ganinta ana yi mata liƙi. Zuwan fiyano da kaset ne ya raba murya da mai ita.

Kaɗan ne suka fasa labulen. Binta Labaran ta Maraɗi ta zama Fati Nijar, Maryam A. Baba kuwa sunan Sangandale ne ya bi ta. Sauran fa? Wanda ke neman abin rubutu ya ɗauko tsofaffin finafinai, ya bi sunayen ƙarshen fim, ya nemi matan nan tun suna raye.