Daga Gubi zuwa Randa: Nazarin Alaƙar Ma'aikatan Ruwa da Tsafta a Ɗan Iya, Bauchi

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun ruwan sha tun daga matata har ya shiga randa a Ɗan Iya, cikin birnin Bauchi. Ta nuna cewa ƙungiyoyin masana ruwa sun tsaya kan injiniyoyi da ma'aikatan ofis, alhali ɗan garuwa da mai gyaran famfo da mai yashe masai, waɗanda tsaftar ruwan ta rataya a wuyansu, ba a zama da su.

Gabatarwa

Ruwan famfon Bauchi daga madatsar Gubi yake zuwa, hukumar ruwa ta jiha ce ke tace shi ta raba. A 2014 Bankin Duniya ya amince da kashi na uku na aikin gyaran ruwan birane, wanda ya shafi Bauchi da Ekiti da Ribas. A 2018 gwamnatin Buhari ta kafa dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta, a 2019 kuma ta tsayar da 2025 don daina bahaya a fili. Duk da haka, a 2021 kwalara ta kashe mutum kimanin 3,600 a Nijeriya, Bauchi tana sahun gaba wajen yawan waɗanda suka kamu. Kuɗi sun zo, doka ta zo. To, ina gizo ke saƙar?

Inda ruwan ke gurɓata

A tsohuwar unguwa mai matsattsun lunguna, bututun roba da ke shiga gida sau da yawa ta cikin kwata yake ratsawa. Muddin famfo na zuba, ƙarfin ruwan yana hana ƙazanta shiga. Ranar da aka ɗauke ruwa kuwa, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo ruwan kwata ta wurin da ya fashe aka ɗaure da robar tayar keke. Injiniyan matata ya auna kulorin daidai, amma bai san da wannan ɗauri ba. Mai gyaran famfon unguwa ya sani, don shi ya ɗaure.

Haka ɗan garuwa. Ya cika jarkokinsa a rijiyar burtsatse, ya turo kura gida-gida, ba mai tambayarsa yaushe rabon jarkar da wanki. Masana sun ce a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Gidan gadon da aka raba wa magada biyar, ina zai samo mita 30? Mai yashe masai, da dare yake aikinsa saboda kallon da ake masa, shi ya fi kowa sanin masan da ke yoyo kusa da rijiya. Duba-gari yana da ikon doka, sai dai bayan ɓarna ake kiransa.

Ƙungiyoyin da ake da su

Akwai AfWASA, ƙungiyar ruwa da tsafta ta Afirka mai mazauni a Abijan, da GWOPA da ke haɗa hukumomin ruwa don su koyi aiki daga juna, da NEWSAN ta ƙungiyoyin farar hula, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna mai horar da ma'aikata. Ba a raina amfaninsu ba. Amma galibi da Turanci ake taronsu, a otal, ilmin kuma a bakin lungu yake tsayawa.

Shawara

A ganin mai wannan maƙala, daga mazaɓa ya kamata a fara. A riƙa zama wata-wata a ƙofar mai unguwa, da wakilin hukumar ruwa da na hukumar kare muhalli ta jiha (BASEPA) da duba-gari da shugabannin waɗannan sana'o'i, da Hausa. A yi musu rajista ba don karɓar haraji ba, in ba haka ba kowa zai ɓuya. Ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa su riƙa auna kulorin a bakin famfo da cikin jarka, a ga ko ya kai miligiram 0.2 a lita, a karanta sakamakon a gaban kowa. A yi zaman farko tun da bazara, kafin damina ta cika kwatoci.